Lambun bonsai a Kinashi: abin da na gani bayan shekara uku da sayen ɗan itacen fayin

A watan Maris na shekarar 2022 na sayi ɗan itacen fayin (pine a Turance), mai ganye kamar allura, a wani ƙaramin lambu da ke Kinashi, a gefen birnin Takamatsu na ƙasar Japan, da niyyar in rene shi har ya zama bonsai, wato itacen da ake tsare girmansa a cikin kasko mara zurfi, amma a ba shi siffar tsohon itacen da iska da shekaru suka tanƙwara. Na jinkirta rubuta ra'ayina a kan lambun har itacen ya cika shekara uku a hannuna, domin wanda ya sayi takalmi yana iya yabo ko kushe bayan mako guda, amma wanda ya sayi dashe ba shi da bakin magana sai sanyi da zafi sun zagayo a kansa sau da yawa. Ba zan ambaci sunan lambun ba, saboda akwai ƙorafi a cikin abin da zan faɗa, kuma masu shi iyali ne ƙarami, dattijo da matarsa da ɗansu guda.

Wanda ya je Kinashi neman irin wannan itace bai ɓata hanya ba. Kinashi da maƙwabciyarta Kokubunji, dukansu a lardin Kagawa da ke tsibirin Shikoku, su ke samar da kusan kashi 80 cikin 100 na bonsai na fayin a ƙasar Japan, kuma sana'ar ta kai kimanin shekara 200 a wurin. Ta faro ne daga mutanen da ke haƙo itatuwan fayin da suka tsiro da kansu a gaɓar teku da tsibiran yankin suna sa su a tukwane suna sayarwa. Ruwan sama bai da yawa a Kagawa idan aka kwatanta da sauran sassan ƙasar, ƙasar wurin kuma ba ta riƙe ruwa, abubuwa biyu da fayin yake so. Daga tashar jirgin ƙasa ta Takamatsu tasha biyu ce kawai, da mutum ya sauka kuwa zai fara ganin gonaki a tsakanin gidaje, an jera gajerun itatuwan fayin a cikinsu layi-layi kamar yadda ake jera rogo a kan kunya.

Na shiga lambun da hoton abin da nake so a kaina: ɗan itace a cikin kasko mai kyau, wanda zan ajiye a baranda in riƙa nuna wa baƙi. Irin waɗannan suna nan a kan katakai a bakin ƙofa, kuma da na nuna ɗaya da dattijon ya sayar mini ba tare da musu ba. Amma da na gaya masa cewa so nake in rena da hannuna tun daga ƙuruciya, sai ya zagaya da ni bayan gida, inda ɗaruruwan 'yan itatuwa suke zaune a cikin kwandunan roba irin waɗanda muke tsane shinkafa ko taliya a ciki. Itacen da ya zaɓar mini ɗan shekara uku ne, kaurinsa bai wuce na fensir ba, ba shi da wata siffa da za ta ja ido, kuma gaskiya na ji an rage mini hanzari. Baƙin fayin ne, wanda Japanawa ke kira kuromatsu, mai ganye kamar allura, biyu-biyu a kowane ɗauri. Ya ce shi ya fi dacewa da mai koyo saboda ƙarfinsa, tunda asalinsa itacen bakin teku ne da ya saba da rana da iskar gishiri, ba kamar goyomatsu ba, wani nau'in fayin mai allura biyar a ɗauri, wanda yake da jinkirin girma da saurin fushi idan ruwa ya yi masa yawa.

Tare da itacen aka ba ni ƙaramin buhun ƙasar dashe, da naɗin wayar alminiyon mai kauri iri biyu, da ledar taki, da kuma izinin in riƙa kawo shi ana duba mini duk lokacin da na ga dama ba tare da ƙarin kuɗi ba. Almakashi da hantsaki daban na saya, kuma almakashin kaɗai ya fi itacen da duk abin da ya zo da shi tsada. Wannan izinin na dawowa shi ne ainihin abin da na saya, ko da yake a ranar ban san haka ba.

Kafin ya karɓi kuɗina, dattijon ya sa ɗan tsinke ya share ƙasar da ke gindin itacen, ya nuna mini saiwoyi bakwai ko takwas da suka fito daga wuri guda suka bazu ta kowace fuska kamar ƙafafun laima. A nan ne bambancin lambun gaske da mai sayar da kayan ado yake. Fayin da aka bari ya tsiro yadda ya so yakan tura uwar saiwa guda ƙasa, wadda ba za ta taɓa zama a kasko mara zurfi ba, kuma gindinsa yakan fito daga ƙasa a miƙe kamar sandar da aka kafa. Masu sana'ar sukan cire ɗan tsiron 'yan makonni bayan ya fito daga iri, su yanke saiwar gaba ɗaya da reza, su sake dasa ɗan guntun da ya rage a cikin yashi, sai sababbin saiwoyi su fito kewaye da wurin yankan. Ba duka ke rayuwa ba, amma waɗanda suka rayu su ne za su yi gindin nan mai faɗi da ke sa itace ya zama kamar ya daɗe yana riƙe da ƙasa. Wannan aiki ne da ba a iya komawa a yi shi daga baya, don haka duk wanda zai sayi ɗan fayin, a Kinashi ko a wani wuri, ya nemi a buɗe masa gindin ya gani. Abu na biyu da ya nuna mini shi ne 'yan toho uku da ke ƙasa-ƙasa kusa da gindi, ya kuma ja mini kunne kada in bari inuwa ta kashe su, domin fayin ba ya cika fitar da sabon toho a tsohon jikin da ganye ya riga ya bari, su kuwa waɗannan su ne rassan itacen da za a gani nan gaba.

Batun kwando ya fi komai ci mini rai a farkon lamari, har na sayi kasko a wani shago na kawo masa, ya juya shi ya yaba, sannan ya ce in adana shi. Hujjarsa a fili take. Kasko ƙarami aikinsa rage girma, ɗan itacen da bai yi kauri ba kuwa girma yake buƙata, don haka wanda ya gaggauta sa shi a kasko ya yanke masa hukuncin zama siriri na shekaru masu yawa. A cikin kwando, duk saiwar da ta kai bakin ƙofofin sai iska ta busar da kanta, ta koma ta yi rassa a ciki maimakon ta riƙa zagaye bangon tukunya, kuma tunda ruwa ba ya kwanciya ana iya ba shi ruwa da taki sosai ba tare da tsoron ruɓa ba. Ƙasar da suka haɗa mini ma ba ƙasa ba ce irin wadda muka sani, ƙwayoyi ce kamar tsakuwa: akadama, wato jan yumɓun da ke samuwa daga tokar dutse mai aman wuta, an gauraya shi da wani yashi mai tsakuwa da ake kira kiryu. Wanda yake shakkar tasirin wurin zama a kan girman itace ya leƙa lambun Ritsurin da ke cikin Takamatsu, inda akwai wani goyomatsu da asalinsa bonsai ne, kyautar shogun Tokugawa Ienari, shugaban mulkin soja na Japan a lokacin, ga sarkin yankin a shekarar 1833. Da aka fitar da shi daga tukunya aka dasa a ƙasa, sai ya zama ƙaton itace da ya kere rufin ɗaki.

A ranar farko aka naɗa wa gangar jikin waya. Ɗan mai lambun ne ya yi, ina kallo: ya soke bakin wayar a cikin ƙasa don ta kafu, ya naɗa ta a karkace da tazara daidai, sannan ya lanƙwasa itacen sau biyu a ƙasa-ƙasa da ƙarfin da ya sa na runtse ido. Ya yi bayani cewa lanƙwasar da ta yi kama da ta wuce kima a jikin siririn itace takan lafa idan ya yi kauri, wadda aka yi da tausayi kuwa ɓacewa take yi gaba ɗaya. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a nan ba karin magana ba ce, umarnin aiki ne, domin bayan 'yan shekaru wannan wuri ba zai tanƙwaru ba sai dai ya tsage.

A kan wayar nan ne nake da babban ƙorafina. Ba wanda ya gaya mini cewa itacen da ake ɗura wa taki yana iya cika wayar cikin 'yan watanni, ni kuma ban san in riƙa dubawa ba. Da na kai shi a watan Yuli ta riga ta nutse cikin ɓawon, sai da aka yanyanka ta da filaya aka cire gunduwa-gunduwa. Dattijon bai damu ba ko kaɗan, ya ce wasu ma da gangan suke barin ta ta ci jiki don gindin ya kumbura, kuma ɓawon baƙin fayin idan ya tsufa ya faffashe yakan rufe tabon. Ban musa masa saninsa ba, amma yau shekara biyu da rabi ke nan tabon yana nan a murɗe kamar zanen dunƙulen igiya, kuma ko da zai ɓace, zaɓi ne da ya kamata a ba ni in yi da kaina. Jumla guda a ranar sayayya da ta wadatar. Wannan shi ne halin lambun gaba ɗaya: suna amsa abin da aka tambaya da gaskiya da ƙwarewa, amma ba sa tuna cewa baƙo bai san abin da zai tambaya ba.

Inda na fi amfana da su shi ne lokacin da suka hana ni aikata abin da na karanta. Duk mai sha'awar baƙin fayin zai ci karo da maganar mekiri, wato yanke sabon tohon shekara. A watan Afrilu da Mayu tohon yakan miƙe kamar kyandir, ya buɗe allurai. Idan aka yanke shi daga tushe tsakanin Yuni da farkon Yuli, itacen yakan sake fitar da wasu toho da yawa a wurin, kuma saboda lokacin da ya rage musu kafin sanyi kaɗan ne, sai su fito gajeru da gajerun allurai. Wanda ya yanka da wuri zai sami allurai masu ɗan tsawo, wanda ya jinkirta zai sami gajeru, shi ya sa ake barin ƙananan itatuwa zuwa ƙarshe. Daga baya, wajen Oktoba da Nuwamba, sai a rage tohon kowane wuri zuwa biyu, a kuma tsige tsofaffin allurai da hantsaki, a fi tsigewa a wuraren da suka fi ƙarfi domin raunanan su samu su kamo. Da haka reshe ɗaya ke zama biyu, biyu su zama huɗu. Baƙin fayin da jan fayin ne ke jure wannan, goyomatsu kuwa sau ɗaya yake toho a shekara, wanda ya yi masa haka yana iya rasa reshen.

Na iso lambun a watan Yuni na 2023 da almakashina, na ƙudura zan yanke kowane toho. Dattijon ya riƙe hannuna. Ya ce mekiri aikin ƙarasawa ne, yana rage wa itace ƙarfi, nawa kuwa bai kai nan ba. Ya bar ni na yanke na ƙananan rassan nan uku kaɗai, don kada su yi tsawo su tsere daga gangar jiki, ya ce kan itacen a bar shi ya tafi sama iya son ransa. Wannan kan shi suke kira reshen sadaukarwa: ba ya cikin siffar da ake nufi, aikinsa kawai ya tara ganye ya jawo abinci ta cikin gangar jiki har ta yi kauri, ranar da ya gama aikinsa a sare shi. Abin da ake yi masa kawai shi ne a tsige alluran ƙasansa don kada ya yi wa ƙananan rassan inuwa, a kuma rage rassan da ke fitowa da yawa daga gaɓa guda, saboda idan aka bar su wurin yakan kumbura ya fi ƙasansa kauri, aibin da ba ya gyaruwa. Sakamakon shi ne abin da ke hannuna yanzu: ɗan dunƙulen ganye a ƙasa, da doguwar sanda da ta haura mita guda a samansa da tuntun ganye a kai. Ba wanda ya taɓa ganinsa ya ce bonsai ne. Amma gindin da ya zo kamar fensir ya fi babban yatsana kauri, ɓawon ƙasa ya fara tsagewa, kuma rassan ukun duk suna raye sun rarrabu.

Takin da suke bayarwa, aburakasu, dusar da ke saura ce bayan an matse mai daga iri, an dunƙule ta ƙwallo-ƙwallo, wato ɗan'uwan tunkuza. Ana jera shi a kan ƙasar kwandon ruwa ya riƙa narkar da shi a hankali. Yana aiki, amma yana wari idan ya jiƙa, yana kuma tara ƙudaje, abin da mai zama a gidan haya mai baranda kusa da ta maƙwabci ya kamata ya sani tun da wuri. Wannan ma ba su faɗa mini ba.

A watan Maris na 2024 muka sauya masa kwando zuwa babba. Da aka zare shi na ga farar fumfuna ta lulluɓe saiwoyin, gabana ya faɗi na ɗauka cuta ce, sai matar dattijon ta yi dariya ta ce alamar lafiya ce, domin wannan fumfunar tana zaune da fayin tana taimaka masa shan ruwa da abinci, shi ya sa ba a wanke saiwarsa tas ko a zubar da tsohuwar ƙasar duka a lokaci guda.

Hidimar da zan yaba ba tare da wani sharaɗi ba ita ce ta ajiya. A watan Agusta na 2023 na tafi gida na mako biyar, a daidai lokacin da itacen kwando ke buƙatar ruwa safe da yamma, wani lokaci har da rana. Na kai musu shi, suka ɗaura masa ɗan katako mai sunana, suka sa shi cikin nasu, a kan kuɗi kaɗan. Babu rasit, babu takarda, abin da ya ɗan dame ni a hanya. Da na dawo na same shi ya fi yadda na bar shi, alluran sun yi duhu sun yi tauri, kuma daga nan na gane cewa ranar da barandata ke samu ba ta ishe shi ba. Na nemi izinin mai gidan na mayar da shi wani wuri da rana ke bugawa tun safe. Wanda ke tunanin ajiye fayin a falo ko a kan teburin ofis ya haƙura, itacen waje ne, a ɗaki mutuwa yake yi sannu a hankali.

Sauran matsalolin na tsari ne. Ba wanda ke jin wani harshe a lambun sai Japananci, kuma da ban iya ɗan abin da na iya ba da rabin bayanin nan ya wuce ni. Ba su da rubutaccen jadawalin kulawa da za su miƙa wa mai saye, ba sa karɓar kati, sau biyu kuma na je na tarar da ƙofa a buɗe ba kowa, duk suna gona. Ba sa aikawa ƙasashen waje. Wasu manyan lambunan yankin suna yi, musamman tun daga 2020 da Tarayyar Turai ta buɗe ƙofar shigo da baƙin fayin daga Japan bisa sharuɗɗan binciken cututtukan tsirrai, amma wannan lambun bai shiga harkar ba.

'Yan'uwa da suka ga hoton itacen sukan tambaye ni ko zan zo da shi gida. Ba zan zo da shi ba, kuma ba na ba kowa shawarar ya kashe kuɗi ya yi odar irinsa zuwa Kano ko Sakkwato. Ko an shawo kan takardun shigar da tsiro da ƙasa, itace ne da ya saba hutawa a lokacin sanyi, kuma zafin Afrilu da ke haura digiri 40 tare da busasshiyar iska zai iya ƙone saiwar da ke cikin kwando a yini guda. Fayin ɗin da ake dasawa a tsaunukan Jos da Mambila wani iri ne daga yankin Karibiyan, alluransa dogaye ne. Mai son siffar fayin a ƙasa mai zafi ya fi kyau ya duba kasuwarina, itacen nan mai siraran rassa kamar gashi da ake dasawa a bakin tituna da gaɓar teku, wanda masu bonsai na Indonesiya suka ƙware a kansa, ko kuma ya koma ga tsamiya, wadda ƙananan ganyenta suka dace da wannan aiki. Gyaran saiwa tun da wuri, da kwando, da waya, da barin reshe guda ya yi ta tafiya don gindi ya yi kauri, duk suna aiki a kansu. Mekiri da lokutansa ne kawai ba za a kwafa ba.

Ga mazaunin Japan da ke jin harshen gwargwado, wanda kuma zai iya zuwa sau uku ko huɗu a shekara, wannan lambu da ire-irensa a Kinashi sun fi duk wani akwatin iri da ake tallatawa a intanet, domin a can za a ba ka itacen da aka riga aka yi wa aikin da ba ya maimaituwa. Mai neman abin kyauta ko na ado ya tsaya a katakan bakin ƙofa ya zaɓi wanda aka gama, ba laifi a ciki.

A ziyarata ta ƙarshe dattijon ya kama gindin itacen da yatsu biyu ya auna, ya ce a bar reshen sadaukarwar ya ƙara sanyi biyu, sannan a sare shi a bar ɗan kututture ya bushe kafin a gyara wurin, ɗaya daga cikin ƙananan rassan kuma a ɗaga shi da waya ya zama sabon kai. Na tambaye shi batun kaskon da na saya tun 2022, wanda har yanzu yake cikin kwalinsa a ƙasan gado. Ya ce in kawo shi bayan an yi saran a sake dubawa, amma yana ganin zai yi wa itacen ƙanƙanta.